Cutar salewar fata: A daina ɗirka wa majinyaci magani kafin a yi gwaji

Yawanci daga baki take farawa. Mutum mai shekara 40 zuwa 60, namiji ko mace, zai wayi gari da gyambo a cikin kumatu ko a dasashi. Zai ɗauka zafi ne ya yi masa yawa, ya kurkure baki da ruwan gishiri ko jiƙon bagaruwa, ya je kemis a haɗa masa magani. Mako biyu su wuce, wata guda, wata uku, gyambon na nan, wannan na lafawa wani na fitowa. Tuwo ya gagara ci, yaji ya zama azaba, sai koko mai sanyi da madara. Daga nan rama ta shigo, maƙwabta su fara raɗe-raɗin ko cutar nan ce mai karya garkuwar jiki.

Sai bayan watanni abin ke fitowa a fata. Bororo ya taso a ka, a ƙirji, a gadon baya ko a hammata, mai laushi, da an taɓa shi ya fashe. Wurin ya sale ya yi jajir kamar wanda ruwan zafi ya ƙona, kuma maimakon ya bushe sai ya riƙa faɗi. Riga ta manne a jiki, zanin gado ya manne, idan ƙwayoyin cuta suka shiga wari ya tashi. A wannan gaɓa ce dangi kan rabu gida-gida. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce iska, wasu su ce ƙyandar biri ko kuturta. A ware wa majinyaci kwano da kofi, a hana yara shiga ɗakinsa, matar aure kuma wani lokaci a ce ta tafi gidansu ta yi jinya.

Likitoci na kiran wannan cuta femfigus, kuma duk wariyar nan da ake yi wa mai ita ba ta da tushe, domin ba a ɗaukar ta. Ba ta bin kwano, ba ta bin shimfiɗa, ba ta bin numfashi. Garkuwar jikin mutum ce da kanta ta yi kuskure ta juya wa fatarsa.

Idan aka kwatanta fata da katanga, ƙwayoyin halittar da ke samanta su ne bulo, akwai kuma wani sinadari mai suna desmogilin da ke riƙe su da juna kamar siminti. A jikin mai femfigus, garkuwar jiki na ƙera makaman da ya kamata ta harba wa ƙwayoyin cuta, sai ta harba su kan wannan siminti. Bulo ya rabu da bulo, ruwa ya shiga tsakani, bororo ya tashi. Da yake rufin bororon siriri ne, shi ya sa ba ya daɗewa yake fashewa. Tun a 1896 wani likitan fata ɗan Rasha, Pyotr Nikolsky, ya lura cewa idan aka murza fatar irin wannan majinyaci da yatsa, ko a wurin da ake ganin lafiya lau ne, saman fatar kan zame. Har yau likitoci na amfani da wannan alama, da sunansa ma ake kiran ta.

Femfigus na da 'yar'uwa da ake kira femfigoyid, wadda likitan fata Walter Lever ya bambanta ta da ita a 1953. Ita tsofaffi ta fi kamawa, galibi masu shekara 70 zuwa sama, kuma takan fara da ƙaiƙayi mai hana barci na makonni ko watanni kafin bororo ya fito. A nan ba simintin tsakanin bulo ake kai wa hari ba, harsashin da ya haɗa katangar da ƙasa ne. Saman fata gaba ɗaya ke ɗagowa, don haka bororonta manya ne, a cike tam, suna iya yin kwanaki ba su fashe ba. An fi ganin ta ga waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki ko ciwon mantuwa, kuma an tabbatar wasu magungunan ciwon suga na zamani, irin su bildagiliftin da linagiliftin, na iya tayar da ita.

Dangin ba su ƙare a nan ba. Akwai wadda ke kama yara ƙanana, bororon ya jeru zagaye kamar tsakiyar wuya, sau da yawa a ƙasan ciki da cinyoyi da kewayen baki. Akwai ta masu juna biyu, mai farawa da ƙaiƙayi a kewayen cibiya. Akwai mai alaƙa da cin alkama. Akwai kuma wadda ta fi cin ido da baki, wadda idan aka yi sakaci takan manne fatar ido har ta makantar da mutum. A karkarar Birazil akwai wani nau'in femfigus da ke kama matasa masu zama kusa da koguna, wanda mutanen can ke kira "wutar daji" da harshen Fotugal saboda raɗaɗinsa, kuma masu bincike na zargin cizon wasu ƙananan ƙwari da tayar da shi. A kudancin Tunisiya ma an san wani makamancinsa da ya fi kama mata matasa.

Dalilin jero su shi ne, a ido duk suna kama da juna, amma maganinsu ya sha bamban. Kuma suna kama da wasu cututtukan da ba su da alaƙa da su ko kaɗan. Mafi haɗari a ciki ita ce salewar fata da magani ke haddasawa, wadda aka sani tana biyo bayan shan Septrin ko Fansidar ko wasu magungunan farfaɗiya. Mai wannan, abin da zai ceci ransa shi ne a gano maganin a tsayar da shi nan take. Mai femfigus kuwa magani zai sha na watanni ko shekaru. Wanda ya rikita su biyun, ya yi wa majinyaci illa ko ta wane ɓangare ya karkata.

Hanyar rarrabe su ba sabuwa ba ce. A 1964 wasu masu bincike biyu a birnin Buffalo na Amurka, Ernst Beutner da Robert Jordon, suka nuna cewa jinin masu femfigus na ɗauke da makaman garkuwar jiki da ke manne wa fata. Daga wannan aiki ne aka samo gwajin da duniya ke dogaro da shi a yau. Likita zai kashe zafin wuri da allura, ya yanko ɗan guntun fata da bai kai ƙwayar wake ba daga gefen bororo. A ɗakin gwaji a zuba masa wani rini mai ƙyalli, a duba da madubin likita na musamman. Idan femfigus ce, za a ga koren haske ya zagaye kowace ƙwayar halitta kamar ragar kamun kifi. Idan femfigoyid ce, za a ga layi ɗaya miƙaƙƙe a ƙasan fatar. Yankan bai wuce aikin minti 15 ba. Akwai kuma gwajin jini da ke auna yawan makaman, wanda ke taimaka wa likita ya san ko cutar na lafawa.

To, a nan gizo ke saƙar. Maganin farko na waɗannan cututtuka, wato dangin sitiroid irin su firednisolon da deksametazon, yana nan a kusan kowane kemis na unguwa, da araha, ba kuma mai tambayar takardar likita. Gwajin da zai nuna ko majinyaci na buƙatar maganin, da adadin da zai sha, da tsawon lokacin da zai sha, shi ne ya yi nisa. Likitocin fata ƙalilan ne a Najeriya, kuma akasarinsu suna asibitocin koyarwa na manyan birane. Ɗakunan gwajin da ke yin wannan aiki na rini mai ƙyalli sun fi likitocin ƙaranci. Sakamakon haka, ana yi wa mutane da yawa maganin cutar da ba wanda ya tabbatar da sunanta.

Babu mai musun cewa sitiroid ya ceci rayuka. Kafin a fara amfani da shi a shekarun 1950, kusan kashi 75 cikin 100 na masu femfigus mutuwa suke yi, ruwan jiki ya tsiyaye ta fatar da ta sale, ƙwayoyin cuta su shiga jini. A yau, a inda ake samun kulawa, adadin ya koma ƙasa da kashi 10. Sai dai akwai wani abu da likitocin fata ke yawan nanatawa: yawancin waɗanda ke mutuwa yanzu ba bororon ne ke kashe su ba, cututtukan da ke samun su ne bayan magani ya danne garkuwar jikinsu.

Abin da ke faruwa a unguwa kuwa sananne ne. Mai kemis ya ba da firednisolon, cikin kwana goma fata ta fara bushewa, baki ya buɗe, majinyaci ya ci tuwo. Kowa ya yi hamdala, a ajiye magani. Bayan mako biyu cutar ta dawo fiye da da. A koma kemis, a ƙara yawan ƙwayoyi, a sake ajiyewa. Haka za a yi ta yi har shekara. A tsawon lokacin nan ba wanda ya auna sukarin jininsa ko hawan jini. Fuska ta kumbura ta yi zagaye, dangi su ce ai ya murmure, alhali wannan kumburi shi ne irin wanda ake gani ga matan da ke shan ƙwayoyin "sha ka fashe" don neman ƙiba, domin deksametazon na cikin abin da ake sayarwa da wannan suna. Ciwon suga ya shigo, ƙashi ya yi rauni, yanar ido ta fara, tarin fuka da ke kwance a jiki ya farka. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Akwai kuma haɗarin da mutane ƙalilan ne suka sani. Wanda ya daɗe yana shan sitiroid, jikinsa kan rage ƙera irin sinadarin da kansa. Idan aka yanke maganin rana ɗaya, saboda kuɗi ya ƙare ko saboda wani ya ce a koma na gargajiya, jini na iya faɗuwa, mutum ya yi ta amai, ya sume, har ya rasa ransa. Da kaɗan-kaɗan ake rage shi, kuma likita ne ke tsara ragin.

Amfanin gwaji ya fi fitowa fili idan aka duba tsofaffi masu femfigoyid. A 2002 wata tawagar likitoci a Faransa ƙarƙashin Farfesa Pascal Joly ta wallafa binciken da ya nuna cewa shafa man kulobetasol a jiki ya fi haɗiyar ƙwayoyin sitiroid masu yawa aminci ga tsofaffin da cutar ta yi wa yawa, kuma waɗanda aka yi wa shafen sun fi rayuwa. A 2017 wani bincike da aka yi a Birtaniya da Jamus ya nuna cewa fara magani da doksisaikilin, maganin da ake samu ko'ina, na rage munanan illoli idan aka kwatanta da firednisolon, ko da yake bai kai shi saurin kashe bororo ba. Ke nan dattijon da aka tabbatar femfigoyid gare shi na iya tsira daga ƙwayoyin da za su tayar masa da suga su karya masa ƙugu. Abin ban takaici, wannan kulobetasol ɗin shi ne ke cikin wasu mayukan bilicin da ake zubawa a faranti a kasuwanni. Masu lafiyayyar fata na ɓata ta da shi, tsohon da ke buƙatarsa bai san maganinsa ba ne.

Haka yaron da ke da nau'in yara. Maganinsa dafson ne, wanda ma'aikatan lafiya a Arewa suka daɗe da sani a matsayin maganin kuturta, kuma yakan yi aiki cikin kwanaki. Amma ba a ba da shi kai tsaye, sai an gwada jinin yaro an tabbatar ba shi da ƙarancin sinadarin G6PD, matsalar gado da ta yawaita tsakanin maza a Najeriya, domin mai ita dafson na iya farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini. Mai kemis ba shi da hanyar sanin wannan.

Ga masu femfigus kuwa, an samu babban sauyi a 'yan shekarun nan. Akwai wani magani da ake ƙarawa ta jijiya mai suna rituksimab, wanda aka fara amfani da shi a 1997 don wani nau'in sankarar jini. Aikinsa shi ne kawar da ƙwayoyin garkuwar jiki da ke ƙera makaman da ke cin fata. A 2017 mujallar Lancet ta wallafa binciken da tawagar Joly ta yi kan majinyata 90. Bayan shekara biyu, kashi 89 cikin 100 na waɗanda aka bai wa rituksimab tare da sitiroid na ɗan gajeren lokaci sun warke sarai ba sa shan komai, a ɓangaren da aka bai wa sitiroid kaɗai kuwa kashi 34 ne. A 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don femfigus. Ana ƙara shi sau biyu da tazarar mako biyu, daga baya a ƙara kaɗan bayan watanni.

Matsalarsa tsada. Ko da wanda kamfanonin Indiya ke yi, wanda ya fi sauƙi, kwalba ɗaya ta zarce mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, kuma ƙarin farko guda biyu kwalba huɗu suke ci. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci suke fita, wannan magani labari ne kawai ga manomi. Akwai kuma wani sharaɗi: rituksimab na iya tayar da ciwon hanta nau'in B da ke kwance a jiki, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya na ɗauke da ƙwayar cutar. Dole a gwada hanta kafin a taɓa shi. Babu iyalin da ya kamata su sayar da gona su sayi irin wannan magani bisa zato.

Wani zai ce wannan duk ɓaɓatu ne kan cutar da ba ta da yawa, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci ke kashe yara kullum, mata na mutuwa wurin haihuwa. Maganar na da ƙamshin gaskiya, kuma ba wanda zai ce a ɗebe kuɗin allurar rigakafi a sayi madubin duba fata. Amma abin da ake nema bai kai yadda ake zato ba. Guntun fatar da aka yanko, idan aka saka shi cikin wani ruwan adanawa da ake kira ruwan Michel, yana iya kaiwa kusan mako biyu bai lalace ba, ba tare da firji ba. Ma'ana, ba kowane asibiti ne ke buƙatar na'urar ba. Ɗakin gwaji ɗaya a Kano ko Zariya zai iya karɓar samfuri daga Gusau da Dutse da Katsina, wani a Maiduguri ya ɗauki na Damaturu da Yola. Tsarin ɗaukar samfuri a kai shi wani gari ba baƙo ba ne, haka ake yi da majinar masu tarin fuka da bayan gidan yaran da ake zargin shan inna. Kuma wannan madubi ba na fata kaɗai ba ne, da shi ake duba guntun ƙoda don gano wasu cututtukan da ke kai mutum ga wankin ƙoda. Jihohin da ke kashe maƙudan kuɗi kan na'urorin wankin ƙoda suna da dalilin da za su saye shi ko da ba su taɓa jin sunan femfigus ba.

Wasu likitocin kuma za su ce ƙwararren likitan fata na gane cutar da ido, kuma majinyacin da aka kawo rabin jikinsa a sale ba zai jira sakamako daga wani gari ba. Wannan ma gaskiya ne, ba wanda ya ce a jira. Abin da ake cewa shi ne a yanki fatar a ranar da aka fara magani, sakamako ya iske majinyaci a kan gado, a gyara hanya idan an kauce. Maganin da mutum zai sha shekara biyu ya cancanci aikin minti 15.

Nauyi na biyu yana kan hukumomin inshorar lafiya. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na marasa galihu, jihohi kamar Kano da Kaduna suna da nasu hukumomin. Da yake masu wannan cuta ba su da yawa, saka gwajinta da magungunan da ke rage dogaro da sitiroid, irin su azatiyofirin da rituksimab, cikin abin da inshora ke biya ba zai karya asusun kowace jiha ba. A gwada kuɗin da na kwanciyar watanni a asibiti, da wankin gyambo kullum, da ciwon sugar da za a yi ta jinya har ƙarshen rayuwa.

Na uku shi ne kemis. Ƙa'ida ta hana masu ƙananan shagunan magani sayar da ƙwayoyin sitiroid, hukumar PCN da NAFDAC sun san da haka. Rufe shaguna kaɗai ba zai yi ba, domin a ƙauyuka da dama mai kemis shi ne likita, shi ne nas. Ya fi amfani a koya masa, tare da ma'aikatan ƙananan asibitoci da likitocin haƙori, abu guda mai sauƙin riƙewa: gyambon baki da ya haura mako uku bai warke ba, ko bororon da ke fita ba ƙuna ba ciwo, ba na kemis ba ne, a tura babban asibiti. Likitan haƙori ma shi ne ya fi kowa damar kama femfigus da wuri, tun tana baki ba ta sauko fata ba. Inda likitan fata ya yi nisa, hoton da ma'aikacin lafiya zai ɗauka da waya, da izinin majinyaci, ya tura wa ƙwararre ta WhatsApp, na iya rage wa mutum watanni na yawo.

Su kuma iyalan da ke jinyar irin wannan majinyaci a gida, akwai abin da ke hannunsu tun kafin gwamnati ta motsa. A daina barbaɗa toka ko garin kafso ko shafa man goge baki a fatar da ta sale, domin ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta. A wanke wurin a hankali da tafasasshen ruwa da ya huce, a rufe da tsaftataccen bandeji da aka shafa wa man Vaseline don kada ya manne. A ba shi abinci mai laushi mai gina jiki da ruwa da yawa, a ci tare da shi a kwano ɗaya. Idan ya riga ya fara shan firednisolon, kada a yanke masa kwatsam. Ranar zuwa asibiti kuma a tattara duk kwalaye da ledojin magungunan da ya sha cikin watannin baya, na kemis da na gargajiya da na suga da na hawan jini, a zube wa likita su a kan tebur.